Ranar da na bi gida-gida ina karɓo littafina

Littafina na farko ɗan ƙarami ne, shafi 64, addu'o'in safiya na wata guda da ɗan bayani a kan aya ɗaya kowace rana. Saboda matan Zumunta na majami'armu a Wusasa na rubuta shi, don sun daɗe suna kukan cewa yawancin abin karantawa na ibada da Turanci yake zuwa. Su ne ma suka fara tara kuɗin bugawa. Kowace ta biya kuɗin kwafinta tun littafin bai fito ba. Mama shugabarsu ta rubuta sunaye a littafin 'yan makaranta, ta ƙulle kuɗin a leda, ta miƙo mini bayan sujada. Ba wadda ta ce in nuna mata ko shafi ɗaya. Sun san mahaifina, sun san ina koyarwa a makarantar Lahadi, shi ke nan.

Na kai aikin wata maɗaba'a a Sabon Gari, muka yi ciniki a kan kwafi 500. Kirsimeti ta matso, aikin kalanda da katin biki ya yi musu yawa, ni kuma ina ɗokin littafin ya fito kafin bikin. Da suka kira ni in duba gyaran ƙarshe, a tsaye na duba, na ga bango ya yi kyau, na ce a buga. Ashe da suka mayar da rubutun kan kwamfutarsu sun sauya salon haruffa, ƙ da ɗ da ɓ duk suka koma k da d da b.

Kwana uku da raba littafin, Mama ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai, littafin a kan cinyarta, ta naɗe kunnen wani shafi.

"Ɗana, zauna ka karanta mini wannan layin."

Abin da na rubuta shi ne, alherin Ubangiji ba ya ƙarewa. Abin da ke kan takarda kuwa, alherin Ubangiji ba ya karewa. Wato ba ya kāre mutum, ba ya tsare shi. Jikina ya yi sanyi. Ta ce jikarta ce ta karanta mata haka da safe, yarinyar ta ɗago tana tambaya ko da gaske ne. Ta kuma nuna mini inda aka sa Zabura 32 alhali Zabura 23 nake nufi. Wannan kam ba laifin maɗaba'a ba ne, daga hannuna ya fito.

Shawara iri-iri na sha a makon nan. Wani abokina ya ce in buga 'yar takardar gyara in cusa a cikin kowane kwafi, ai kowa ya san haruffan nan suna ɓacewa a waya da kwamfuta. Gaskiya ne, suna ɓacewa, amma saƙon waya daban, littafin da uwa za ta karanta wa 'ya'yanta da asuba daban. Kuma a Zariya muke. A nan Zariya ɗan mishan Dakta Walter Miller ya zauna, wanda ya sha fama da fassarar Littafi Mai Tsarki har cikakkensa ya fito da Hausa a 1932. A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Mutanen da suka taso a kan wannan gado ba sa yi wa rubutun Hausa kallon wasa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna ɗaukar littattafanmu su duba. Idan suka ga sakaci, ba za su ce wane ya yi ganganci ba, cewa za su yi haka Kiristoci suke riƙe maganar Ubangijinsu. Wannan ne ya hana ni barci.

Sai na karɓi littafin sunayen nan daga hannun Mama, na hau babur, na bi gida-gida. Na je har Samaru da Tudun Wada inda aka kai wa 'yan'uwa. Kowa na gaya masa abin da ya faru, na ce ya zaɓa, ko kuɗinsa yanzu, ko sabon kwafi in an sāke bugawa. Mutum biyu kaɗai suka karɓi kuɗi. Mai maɗaba'ar ya ce shi ba ruwansa tunda na sa hannu, kuma a nan yana da hujja. Na sayar da buhunan masarar da na ajiye, muka sāke bugawa bayan Ista.

Tun daga nan aikina ya sauya. Ba na karɓar kuɗin kowa sai an gama gyara. Gyaran ƙarshe a kan takarda nake karɓarsa, in kai gida, in karanta da ƙarfi, wani yana riƙe da Littafi Mai Tsarki yana bin kowace sura da aya. Wani tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya yakan duba mini da jan biro, ina kuma biyansa, don na ga yadda a cikin ikilisiya muke fakewa da "aikin Ubangiji ne" mu danne haƙƙin mai buga rubutu da mai zanen bango. Irin wannan labari ba ya ɓuya, su ma suna da baki, suna da majami'a. Shaidar da wani ya bayar a taron addu'a kuwa, ba na sa ta a littafi sai na je na nemi izininsa.

Da littafi na biyu ya kusa fitowa, na ce wa Mama wannan karon kada a tara komai sai sun gani da idonsu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta shiga ɗaki ta fito da leda a ƙulle.

"Mun riga mun tara, ɗana. Ka dai kawo mini shafukan kafin a buga, jikata za ta karanta mini."