Laraba: ranar farko bayan mun rage adadin masu karɓar imel

Ina sauka daga Keke Napep a Ahmadu Bello Way wayata ta fara ƙara. Hajiyar sashen kuɗi ce. Ta haɗa sanarwar albashi za ta tura wa ma'aikata gaba ɗaya, saƙon ya dawo mata. "Malam, me kuka taɓa kuma?" Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, gani nan tafe."

Abin da mu masu kula da imel ɗin ofis muka taɓa jiya da yamma shi ne yawan mutanen da saƙo ɗaya zai iya isa gare su. Exchange Online, tsarin imel na Microsoft da muke amfani da shi, yana barin har mutum 500 idan ba a canja ba. Mun mayar da shi 25.

Da na zauna kusa da teburinta sai na ba ta labarin Melissa, ƙwayar cutar kwamfuta da ta ɓulla a watan Maris na 1999. A cikin takardar Word take zuwa. Kana buɗewa, sai ta shiga manhajar imel ta Outlook ta kwashi sunaye 50 na farko ta aika musu kanta da sunanka. Wa zai ƙi buɗe saƙon abokin aikinsa? A Mayun 2000 kuma wata cutar mai suna ILOVEYOU ta fito daga Filifin, ita ko zaɓe ba ta yi, duk wanda ke cikin jerin sunayenka sai ta kai masa. Yanzu an fi satar kalmar sirri, ɓarawon ya shiga akwatin mutum ya watsa saƙon yaudara, amma ta hanya ɗaya ake bi: amanar da ke tsakaninmu.

Hajiya ta ce, "To, ba sai ya riƙa turawa kaɗan-kaɗan ba?" Gaskiyarta. Wannan ƙa'ida ba ta kashe cuta, gudunta take ragewa, kamar tudun da ake yi a kan titi gaban makaranta. Wannan ɗan jinkirin nake buƙata in ga abin da ke faruwa in rufe akwatin kafin ya gama da mu.

Abin da ya fi damuna ma daban ne. Exchange yana ƙirga rukuni, wato adireshi ɗaya da ke kai saƙo ga mutane da yawa, a matsayin mai karɓa ɗaya, ko da mutum nawa ne a ciki. Ke nan adireshin nan namu na "duk ma'aikata" yana buɗe ga kowa, har ɗan bautar ƙasa da ya zo makon jiya. Bayan Azahar na shiga wajen Oga na ce, "Ranka ya daɗe, in ba a kulle wannan ba, aikin jiya bai tsinana komai ba." Ya ɗan ja, don ba ya son a ce ana hana mutane magana, daga baya ya amince a bar wa shi da sakatariyarsa da sashen kuɗi kawai.

Hajiya ta tura sanarwarta ta rukunin kafin La'asar. Gobe sai sashen talla, su da ke aika wa abokan ciniki saƙo da yawa, kuma na san da su za a fi kai ruwa rana.