Darussan da na koya a sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Jos

Kwas ɗin ilimin masu buƙata ta musamman ba ya cikin waɗanda yaranmu ke rububin cikewa a fom ɗin JAMB. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu a Jami'ar Jos aikin lauya ko na jarida suka nema, aka turo su nan. Wasu kuma malamai ne da suka riga suka yi NCE, har da waɗanda suka fito daga kwalejin Oyo, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1977 don horar da malaman nakasassu. Sai rukuni na uku, makafi da kurame da guragu, waɗanda su ba labari suka zo ji ba, rayuwarsu ce ake karantarwa. A wurinsu na fi ƙaruwa.

A unguwa, duk wanda ya ji abin da nake karantawa sai ya ce, "Allah ya ba da lada." Amin, ba mai ƙin lada. Amma tun a shekarar farko malamanmu suka nuna mana cewa sana'a muka zo koyo, mai ƙa'ida da awo, kuma tausayi kaɗai bai taɓa koya wa yaro karatu ba. Malamin da tausayi ya yi wa yawa shi ne mai ɗaure wa yaro igiyar takalmi kullum don kada ya wahala, har yaron ya kai shekara goma bai iya ba. An koya mana a rarraba aikin gunduwa-gunduwa, a rubuta matakin da yaro ya iya da wanda ya gagare shi, gobe a ɗora daga nan.

Rubutun makafi shi ya fara gwada haƙurinmu. Louis Braille, wani makaho ɗan Faransa da aka haifa a 1809, shi ya ƙirƙiro shi tun yana matashi. Ɗigo shida ne kacal, uku a hagu uku a dama, kuma daga cikinsu ake fitar da siffofi 63 da ke ɗaukar haruffa da lambobi da alamomin rubutu. Idan da injin Perkins ne, wato keken buga rubutun makafi, da sauƙi, amma yana da tsada, ba kowa ke samu ba. Yawanci da ƙaramin allo mai ramuka da tsinken huda ake yi: ka saka takarda mai kauri, ka riƙa hudawa daga dama zuwa hagu, sannan ka juya ta a karanta daga hagu zuwa dama. Mu da muka yi makarantar allo hannunmu ya saba da tafiya ta wannan ɓangaren, sai dai juya siffar harafin a ka shi ne aiki. Mu da ido muke karanta ɗigon, abokanmu makafi da yatsa. A sanyin Disamba na Jos, sai ka ga ɗalibi yana murza hannuwa kafin lacca, domin yatsan da ya sandare ba ya bambance ɗigo. Ba littafin da ya gaya mini wannan.

Ga mai karanta wannan fanni, Filato wuri ne mai tarihi. A Gindiri, cikin ƙaramar hukumar Mangu, 'yan mishan na ƙungiyar Sudan United Mission (SUM) suka buɗe makarantar makafi a 1953, ta farko a Najeriya. Akwai kuma makarantar kurame a Bassa.

Ni ɓangaren kurame na zaɓa, kuma a nan na ci karo da abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Yaren hannun da ake koyarwa a makarantunmu asalinsa daga Amurka yake. Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan mishan, shi ya shigo da shi lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Haruffan yatsu na wannan yare na boko ne, darasin aji kuma da Turanci ake yi. Alhali kuramen ƙasar Hausa suna da nasu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda za ka ga manyansu na yi a kasuwannin Kano suna ciniki, suna gardama, suna dariya. Harshe ne cikakke, amma ba shi ake ba mu maki a kai ba. To ka duba lissafin: kusan tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne. Uwa na Hausa, makaranta na alamun Amurka da Turanci, yaron yana tsakiya.

Kuma ba da wuri ake kawo su ba. Wani da kurumtar aka haife shi, wani sanƙarau ne ya bar masa, wani ƙyanda, wani shawarar jarirai ce mai tsanani, wani ciwon kunne ne mai ruwa da aka yi wa sakaci. Gida sai a ce nauyin baki ne, ai kawunsa ma sai da ya girma ya yi magana. A yi rubutu, a yi turare, a jira. Kafin a kai shi a auna jinsa, shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe sun wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar yau da kullum ƙarfinta wajen desibel 60 ne, a ma'aunin ƙarfin sauti. Yaron da sai sauti ya haura 90 yake ji, ɗaga masa murya ɓata lokaci ne. Abin da yake buƙata harshe ne, ko wane iri, kuma da wuri.

A lokacin koyon aikin koyarwa aka tura ni wata makaranta, aka ba ni ajin 'yan fari. Akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara tara da ta zo ba ta san tana da suna ba. Ba wasa nake ba. A gida taɓa ta ake yi ko a jefa mata ɗan dutse kusa da ƙafa ta waiwayo. Alamunta ba su wuce na ci da sha da zo da tafi ba. Idan ta so abu aka kasa ganewa sai ta yi cizo, shi ya sa aka ce tana da aljanu. Yaran ajin ne suka raɗa mata suna irin na kurame, yatsa biyu a kan kumatun hagu inda take da ɗan tabo. Kafin zangon ya ƙare tana nuna launuka, tana ƙirge, har tana kawo ƙarar wanda ya ɗauke mata fensir. Cizon ya ragu da kansa.

Ranar hutu uwarta ta zo ɗaukarta. Yarinyar ta ruga tana ta zuba mata labari da hannu, ita kuwa ta tsaya tana kallo.

"Malama, me take cewa?"

"Mama, cewa take ta ci jarrabawa, kuma tana son ki saya mata takalmi ja."

Matar ta yi dariya, sannan ta ce, "To ni da na haife ta, yanzu sai da tafinta?"

Wannan tambayar ba ta cikin kowace takardar jarrabawa da na rubuta. Digirin yana shirya ka don aji: tsarin darasi, gwaji, shirin koyarwa na kowane yaro shi kaɗai. Duk suna da amfani, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai yaro a gida yake rayuwa, a can ake aikensa, a can ake yi masa faɗa, a can zai koyi alwala ko addu'ar kwanciya. A ganina duk malamin kurame da ya koyar da yaro ya bar uwarsa, rabin aiki ya yi. Ina ma a ce kwas ɗin aiki da iyaye ya samu nauyin da ake ba lissafin bincike, kuma a daina kallon maganar hannun Hausawa kamar ta 'yan tasha.

Takardu kam muna da su. Mun haddace sanarwar taron duniya na Salamanka, a ƙasar Sifen, ta 1994, wadda ta ce a haɗa yara duka, nakasassu da waɗanda ba nakasassu ba, a makaranta ɗaya. Mun karanta dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019: ilimi kyauta har sakandare, kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, haramcin sa nakasasshe bara, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a, wanda ya cika a farkon 2024. An kafa musu hukuma a Abuja a 2020. Amma a zaunar da kurma a aji mai cunkoso ba tafinta, a ce an haɗa shi da 'yan'uwansa, wannan cika rajista ne kawai.

Da na zo zaɓen batun binciken kammalawa, a kan iyaye na yi. Nakan tara wasu mata ranar Asabar a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu a Unguwar Rogo, kowace da ɗanta. Ba na farawa da abacada. Nakan tambaye su alamar da suke yi a gida, idan tana aiki mu bar ta, mu ƙara ta makaranta a gefe. Na shirya jerin kalmomin abinci da na kayan ɗaki, amma su abin da suka fara nema daban ne: yadda za su ce "ina ke miki ciwo", da "kada ki bi kowa", da "wa ya taɓa ki". Mazan ne har yanzu ba su fara zuwa ba. Mun yi magana da limamin unguwar, ya ce zai ba mu zauren Islamiyya ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da yawancinsu suke gida.