Wutar Caji a Mota Tsakanin Winnipeg da Toronto

Wanda bai taɓa tuƙi a Kanada ba zai yi wuya ya gane abin da ake nufi da nisa. Daga Winnipeg, inda nake zaune, zuwa Toronto ya haura kilomita 2,000, kuma babban ɓangaren hanyar, musamman titi mai lamba 17 da ya bi ta arewacin Tafkin Superior, daji ne da duwatsu, inda mutum kan yi tafiya mai tsawo bai ga gida ba, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. A irin wannan wuri waya takan zuƙe cajinta da sauri, domin tana ta faman neman sabis, ga taswira a kunne, ga sanyi da ke karya ƙarfin batir. Ni kuwa ba don taswira kaɗai nake tsoron mutuwar waya ba. Hajiya ba ta cika lafiya ba, kuma lokacin da ta fi samun ƙarfin magana shi ne bayan asuba, wanda da hunturu yake zuwa daidai da wajen ƙarfe 11 na dare a wurina, tunda awa 7 ne tsakaninmu. Idan ta kira ba ta same ni ba, yini guda take yi hankalinta a tashe.

Wannan ne ya kai ni wani shagon kayan mota, da nufin in sayi abin da zai ba ni wutar caja waya biyu, da kwamfutar aikina, da fawabank. Saurayin da ya tare ni, da ya ji harshena, sai ya ɗaga murya ya riƙa jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yana nuna mini inbata da yatsa yana bayanin cewa tana mayar da wutar batir irin ta gida. Daga nan ya tambaye ni, cikin murmushi, ko akwai lantarki a inda na fito. Akwai mutane a bayana cikin layi, kuma sun ji. Ban ba shi amsa ba, na biya kuɗin abin da na ɗauka na fita, amma maganar ta zauna mini a rai har yau. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a kan wannan fanni ne ya raina ni, alhali mu da muka tashi cikin ɗauke wuta da kawo wuta, tun muna yara muka san lissafin abin da batir zai iya ɗauka da abin da zai durƙusar da shi. Yayana da hannunsa ya haɗa inbatar gidanmu, ni nake riƙe masa tocila.

A daren nan na kira Yaya ta bidiyo na zayyana masa abin da ya faru. Bai tsaya kan ɓacin raina ba, sai ya ce: "Ƙanena, bar wannan maganar, buɗe akwatin fis ɗin motar ka karanta mini abin da aka rubuta." Fis ɗin soket ɗin kunna sigari amp 15 ne, wutar mota kuma volt 12 ce, idan aka ninka su wat 180 ke nan, kuma ya ce kada in yarda in wuce 150. Wannan ya ishi wayoyi, ya ishi kwamfuta ma idan aka samu cajar mota ta USB-C mai wat 65, wadda ba ta bukatar inbata kwata-kwata. A ganina wannan ce hanya mafi tsafta, domin ɗaga wuta daga volt 12 zuwa 120 na ƙasar nan, sannan cajar kwamfuta ta sake sauke ta, asarar wuta ce da ke ƙarewa a zafi. Cajar da na zo da ita mai ƙafa uku ma ba ta zama matsala ba, an rubuta a jikinta tana karɓar volt 100 zuwa 240, bakin soket kawai aka canza mata.

Inbatar da na saya mai wat 300 ce, kuma a nan ne Yaya ya tsananta. Idan ta ɗauki cikakken lodi za ta ja amp 25 ko fiye, abin da siririyar wayar soket ba za ta jure ba, don haka dole a ja mata waya mai kauri kai tsaye daga batir. Ya sa na ɗaura fis mai amp 40 dab da kan batir ɗin, bai fi taƙi ɗaya ba, yana cewa amfaninsa shi ne idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, fis ya ƙone kafin mota ta kama wuta. Inda wayar ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, sai da na bi ta ramin da ke da zoben roba. Na yi aikin a wurin ajiye motoci na gidan hayarmu, yatsuna sun ƙage saboda sanyi, na jingina waya a gefen bonet, shi kuma yana can yana matso da fuskarsa kusa da allo yana cewa: "Ƙara ɗaure wannan notin, ban yarda da shi ba." Maƙwabta na wucewa da karnukansu, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da nake yi. Ban taɓa jin alfahari da kaɗaici sun haɗu mini lokaci guda kamar ranar ba.

Akwai abin da Yaya bai sani ba, wanda ƙasar ce ta koya mini, wato sanyi. A Winnipeg za ka ga filogi na lilo a gaban motoci, na na'urar ɗumama inji ne da ake jonawa a bango da dare, saboda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Batir ɗin mota yana rasa ƙarfi sosai a irin wannan yanayi, don haka ba na barin inbata a kunne idan inji ba ya aiki, tunda wadda aka ja daga batir ba ta mutuwa da zare makulli. Batir ɗin lithium na waya da fawabank kuwa ba a caja shi idan ya yi sanyi ƙasa da sifili, yana lalacewa, shi ya sa nake ajiye su cikin aljihun rigar sanyi har mota ta ɗumama. Idan na tsaya gefen hanya da inji a kunne, sai na fita na duba cewa dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba, domin hayaƙin da ke komowa cikin mota yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Yanzu wayata ba ta mutuwa a hanya, kuma nakan tsara tafiyata yadda dare zai riske ni a gari mai sabis, kamar Thunder Bay ko Sault Ste. Marie, in zauna in jira kiran Hajiya. Tambayarta ta farko kullum ita ce ko na tsayar da motar, ba ta yarda ta yi magana da ni ina tuƙi. Sai dai kiran yana yankewa har yanzu, kuma daga wajensu ne. Batiran da Yaya ya haɗa sun tsufa, ba sa kaiwa asuba, kuma ƙanwata ce ta faɗa mini a ɓoye cewa wani lokaci Hajiya kan hana a kunna mata fanka da dare don a samu abin caja wayar da za ta kira ni. Yaya bai taɓa ambata mini wannan ba, duk tsawon daren da ya ɓata yana duba notin motata. Na yi masa magana, ya ce in bari sai na gama biyan bashin mota. Ban amince ba, na ce ya auna lodin gidan ya turo mini girman batiran da ake bukata kafin ƙarshen wata.