Hirar kallo a garin da ba a kawo wuta lokaci guda

A Kaduna da wuya ka sami gida biyar suna kallon shiri ɗaya a lokaci ɗaya. Za a fara shirin ƙarfe takwas na dare, Malali akwai wuta, Tudun Wada an ɗauke tun la'asar, Rigasa kuwa sai abin da Allah ya yi. Wani zai kalla a tashar kai tsaye, wata sai an ɗora a YouTube ta jira datar tsakar dare mai arha, wani kuma sai ya je shago an tura masa a waya. Amma kafin mako ya zagayo duk sun gani, kuma kowa bakinsa cike yake da magana a kan kishiyar nan da abin da ta ƙulla. A kan wannan tazarar muka gina manhajarmu, ni da abokan aikina biyu, a wani ɗaki da muke haya a Unguwar Rimi.

Manhajar ba ta nuna fim. Sai na nanata wannan, domin shi ne abin da ake fara tambayata. Hira kawai take ɗauka. Ka buɗe, ka zaɓi shirin da kashin da za ka kalla, ka danna "na fara" daidai lokacin da ka kunna, sai maganganun waɗanda suka riga ka kallo su riƙa fitowa daidai inda ka kai. Kowane tsokaci a ɗaure yake da mintin da aka yi shi a cikin shirin, ba da agogon bango ba. Ƙanwata da ke aure a Kawo tana kallo ranar da aka saki shiri. Gwaggonmu a Tudun Nupawa sai bayan kwana biyu. In Gwaggo ta kai minti na 17, wurin da asirin maigidan ya tonu, a nan za ta ji muryar ƙanwata tana salati tana cewa "Gwaggo, ban gaya miki ba?" Ita ma ta danna ta mayar mata da amsa. Ba wanda ya ɓata wa wani kallo da labarin ƙarshe, ba kuma wanda ya yi kallonsa shiru shi kaɗai.

Ba mu ne farkon masu tunanin haɗa talabijin da hira a waya ba. Wajen 2010 zuwa 2012 abin ya yi tashe sosai a Amurka da Ingila. Akwai GetGlue, inda kake sanar da abokanka abin da kake kallo, har su aiko maka da sitika ta gidan waya. Akwai IntoNow, wadda ke sauraren sautin talabijin ɗinka ta gane shirin da kanta. Yahoo ta saye ta a 2011, ta rufe ta a 2014. Zeebox ta fito a Ingila a 2011, ta koma Beamly a 2014, daga bisani kamfanin kayan kwalliya na Coty ya saye ta. GetGlue ma ta sauya suna zuwa tvtag, ba ta jima ba ta mutu. Na daɗe ina bin tarihin waɗannan kamfanoni, kuma a fahimtata abu ɗaya ya kayar da su: duk sun jingina ne da cewa jama'a na kallo a lokaci guda. Wannan hirar kuwa Twitter na ba da ita kyauta, har ya sayi Bluefin Labs a 2013 don auna ta. Ana cikin haka Netflix da ire-irensa suka zo kowa ya koma kallo lokacin da ya ga dama. Mu nan dama ba mu taɓa samun lokaci gudan ba, don haka ba mu da abin da za a ƙwace mana.

Kallo tare kuwa ba baƙon abu ba ne a garin nan. Tun 1962 Kaduna ke da gidan talabijin, RKTV, zamanin gwamnatin Sardauna, kafin a haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977. Muna yara a layinmu gida ɗaya ne mai akwatin talabijin, in magariba ta wuce sai a fito da shi tsakar gida a shimfiɗa tabarmi, manya a gaba, mu a tsugune a gefe, rabin daɗin kallon shi ne abin da tsofaffin matan ke faɗa wa na cikin akwatin. Yau maza suna da gidan kallon ƙwallo da majalisa da teburin mai shayi. Matar aure da ke cikin gida fa? Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango suka cika YouTube, ita ce babbar mai kallo, ita ce kuma ba ta da inda za ta zauna a yi sharhin da ita. Mafi yawan masu amfani da manhajarmu mata ne, kuma su nake sa wa a gaba duk lokacin da za mu ƙara wani abu ko mu cire.

Shi ya sa murya ta fi rubutu yawa a wurinmu. Da yawa suna kallo ne hannu na cikin wanke-wanke ko tsintar shinkafa, wasu kuma rubutun boko bai zauna musu sosai ba, amma in suka buɗe baki sai ka rantse masu sharhin rediyo ne. Mun taƙaita saƙon murya zuwa daƙiƙa 20, muna matse shi sosai don kada ya ci data, mun kuma sa manhajar ta iya sauke hirar kashi guda gaba ɗaya da dare, a saurara da rana ko babu sabis.

Wanda ya fi kowa koya mini girman da manhaja ya kamata ta yi wani yaro ne mai tura fina-finai a waya a wani ɗan shago a Tudun Wada. Tebur ɗaya ne, da tsohuwar kwamfuta, da tarin wayoyin caji a sarƙe, wayoyin mutane jere a gabansa kowacce da ɗan tef an rubuta sunan mai ita. Na miƙa masa tawa ya duba. Bai ko buɗe manhajar ba, nauyinta ya fara dubawa. Ya ce, "Yaya, kalli nan." Ya ɗauko wata Itel da fuskarta ta tsage, ya nuna mini saƙon da ke cewa wuri ya cika. "Duk haka suke zuwa. In na ce wa Hajiya ta goge hotunan bikin 'yarta don a sa abinku, wallahi ku za ta goge." Muka koma muka yi ta ragewa har ta yi sauƙin da za a tura ta Xender cikin ƙiftawar ido. Yanzu shi da wasu irinsa ne ke sa wa mutane ita. Na san masu shirya fim suna kuka da irin waɗannan shaguna, kuma kukan nasu gaskiya ne, domin guminsu ne ake rabawa. Abin da ke hannunmu shi ne, a saman kowane ɗakin hira mun sa maɓallin da ke kai mutum kai tsaye zuwa tashar mai shirin a YouTube, don kallon ya shiga lissafinsa. Ta iPhone ba mu yi ba tukuna. Google dala 25 yake karɓa sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, mutanenmu kuma Tecno da Itel da Infinix ne a hannunsu.

Ƙwallo ta zo da nata rikicin. A nan kowa lokaci guda yake kallo, amma ba daidai ba. Mai rediyo yana gaba, mai dish yana binsa, mai kallo ta intanet a waya yana can baya, wani lokaci da kusan minti guda. Ihun maƙwabta kaɗai ya isa ya gaya maka an ci kafin ka gani, balle manhaja. Sai muka sa kowa ya danna da zarar ya ga an take wasa a gabansa, mu kuma mu riƙe masa maganganun waɗanda suke gabansa har ya iso. Daren 11 ga Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Ivory Coast a Abidjan, ban zauna ba. Da Troost-Ekong ya sa kai ya ci, saƙonni suka shigo kamar an ɓalle dam, ina tsaye bayan abokin aikina muna kallon layin nauyin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da hirar, yana hawa yana komawa ja, yana buɗe ƙarin saba da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da fitilar waya a kan madannai. Ta riƙe. Kessié ya farke, Haller ya ƙara, aka tashi 2 da 1, ɗakin hirar ya koma addu'a da "Allah ya sa haka ne mafi alheri". A ƙarshen watan, takardar kuɗin saba ta iso, da dala.

Nan ne ciwon yake. Muna biya da dala, muna samu da naira. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin hukuma; a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ba mu ƙara komai ba, kuɗin ya ninka fiye da sau uku. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya gagare mu, muka haɗa kuɗi muka sa sola da batura. A watan Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, ofishinmu na da wuta amma ɗakunan hira sun yi tsit, don wayoyin mutane sun mutu. Sai ga hukumar NCC a Janairun 2025 ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Duk wanda zai gina abu irin wannan a Arewa, ya san cewa caji da data su ne masu gidan, shi ɗan haya ne.

Kuɗin shiga ta hanya biyu yake zuwa. Akwai talla: masu atamfa da leshi, masu turaren wuta, masu kayan kicin, wata mai koyar da girki a Unguwar Dosa. Ba ma sa talla a tsakiyar wurin da zance ya ɗau zafi, sai inda shirin kansa ya tafi hutu. Hanya ta biyu ta fi burge ni. Mai shirya fim yana ganin yawan waɗanda suka kalla, amma bai jin abin da suka ce a daidai wane wuri. Mu muna iya nuna masa cewa a wannan minti aka yi ta dariya, a wancan aka ce an ja zance da yawa, wannan jarumar kuma duk fitowarta sai ɗaki ya motsa. Ba ma ba shi sunan kowa, ko lambar waya, ko muryar kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a yi haka ba bisa ƙa'ida ba, ko ba ta hana ba ma, matar da ta saki jiki ta yi magana a ɗakinmu amana ta ba mu.

Masu zuba jari da na zauna da su a Legas da Abuja tambayarsu ɗaya ce, mutum nawa ke buɗewa kullum. Namu ba na kullum ba ne, na mako-mako ne, yana bin ranar da ake sakin shiri. In azumi ya kama yawancin shirye-shirye sukan tafi hutu, mu ma mu yi sanyi har bayan salla. Wani ya ba ni shawarar mu buɗe ɗakunan tafsiri a watan, ya ce nan jama'a suke. Gaskiya ya faɗa, amma na ƙi, kuma har gobe zan ƙi. Na san abin da zai biyo baya in almajiran malamai daban-daban suka haɗu a ɗaki ɗaya kowa da makirufo a hannu. Haka siyasa. Wanda ya tashi a Kaduna, ya ga yadda aka raba gari aka koma wannan tsallaken kogi da wancan, ba sai an gaya masa abin da magana ɗaya ke iya haifarwa ba. Muna da masu kallon ƙwallo daga Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri a ɗaki ɗaya da 'yan Rigasa da Badarawa, suna tsokanar juna kan Arsenal da Chelsea, kuma ina so abin ya tsaya a nan.

Aikin da ya fi kowane cin rai shi ne tace magana. Rubutu na'ura na iya kama zagi a cikinsa, amma habaici da gugar zana a cikin murya sai kunnen Bahaushe. 'Yan fim mata su aka fi yi wa, a bar rawar da suka taka a koma kan aurensu da iyayensu. Ƙa'idarmu a fili take: ka soki halin da aka nuna a fim yadda kake so, amma ka taɓa mutuncin mai shi a cire maganarka, ka sake a rufe ka. Wasu 'yan mata biyu ɗalibai ne ke sauraren duk saƙon da aka kai ƙara, muna biyansu duk wata, kuma ko wata ya zo da ƙunci nasu ake fara fitarwa kafin namu. Wata Hajiya da muka rufe ta kira ni ta yi mini tatas, ta ce ɗan cikinta ne zai hana ta magana. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yarinyar nan ma 'yar wani ce." Ta kashe waya. Bayan mako guda ta dawo, har yau tana nan, tana cikin waɗanda aka fi sauraro.

Akwai kuma abin da ba ya hannunmu ko kaɗan. A watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, mu da ke Kaduna muka wayi gari manyan ɗakunanmu babu sabon abin tattaunawa. Hakan ya sa muka fara neman ƙananan masu shirya fim na nan Kaduna da Zariya da Jos, waɗanda ba su da kuɗin talla amma suna da labari. Muna buɗe musu ɗaki kyauta, mu ba su rahoton zangon farko ba tare da sun biya ba. Ɗaya daga cikinsu ya zo ofis makon jiya da rubutun zango na biyu a cikin leda, ya baje a kan teburinmu, ya ce a buɗo masa kashi na shida, yana so ya ji da kunnensa abin da matan suka ce a wurin da ya kashe uwar jarumin, don bai yanke shawarar ko mutuwar za ta tabbata ba.