Kiyubit ɗin aro da ban wanke ba

Da na fara karatun lissafin kwantam, wato lissafi da kwamfutar da ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra, ba abin da ya burge ni kamar orakul. Wani yanki ne na da'ira, wato jerin matakan lissafin, da kake miƙa wa tambaya, ya sa wa amsar da ta dace alama, ba ruwanka da abin da ke cikinsa. Wani abokin karatuna har boka yake kiransa. Masana irin su Deutsch da Jozsa a 1992, Simon a 1994, Lov Grover a 1996, duk a kansa suka gina dabarunsu. A dabarar Grover, neman abu ɗaya cikin miliyan tambaya wajen 785 ta ishe shi, alhali kwamfutar da muka saba sai ta yi kusan 500,000.

Sai na ɗauka orakul bulo ne, ka buga ɗaya ka aza duk inda ka ga dama. Na rubuta nawa a manhajar Qiskit da kiyubit uku (kiyubit shi ne ƙwayar ajiye bayani a kwamfutar kwantam), na ƙara wasu na aro don ajiye lissafin tsakiya. Na gwada shi a kan tambayoyi takwas ɗin da kiyubit uku ke iya ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, ko kuskure babu. Da na saka shi cikin dabarar Grover, inda zagaye biyu na matakanta ya kamata ya ba ni amsar kusan kashi 95 cikin ɗari, sai sakamakon ya watse kamar an zubar da gero a tsakar gida.

Kwana uku ina zargin komai ban da orakul ɗin. Ashe kiyubit ɗin aron ne ban mayar da su sifiri ba. Sun ci gaba da sarƙe da na ainihi, don haka amsoshin banza suka kasa kashe juna, kuma wannan kashewar ita ce ƙarfin dabarar. In ka ari tukunyar maƙwabciya, wanke ta ake yi kafin a mayar. Maganin shi ne, bayan an sa alamar, a sake bin matakan nan daga ƙarshe zuwa farko, dabarar da Charles Bennett ya nuna tun 1973.

Wankin nan ba kyauta ba ne, da'irata ta kusan ninka tsawo. Nan na gane 785 ɗin nan tambayoyi kawai yake ƙirgawa, kuɗin bokan daban.

Da abin ya yi aiki, zumuɗi ya sa na ƙara zagaye na uku. Amsar ta faɗo kashi 33.