Maganin da ake fara ajiyewa bayan sallama

A ɗakin da muke kwantar da masu gazawar zuciya, tun kafin a turo na'urar auna bugun zuciya, nakan ɗora yatsuna a wuyan hannun majinyaci in jira minti guda cur. Idan bugun ya zo a hargitse, wani da ƙarfi wani da rauni, babu tazara ɗaya a tsakaninsu, to sau da yawa ɗakunan saman zuciyarsa ne suka daina matsawa, karkarwa kawai suke yi.

Mai ƙoshin lafiya yana iya jure wannan karkarwa har ya daɗe bai sani ba. Amma zuciyar da ta riga ta gaji tana dogara ne da ɗan turin da ɗakunan sama suke yi wa jini, kuma idan ta rasa shi, ga gudu ya ƙaru, sai ruwa ya taru a huhu, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya rigingine saboda haki. Binciken THESUS-HF na shekarar 2012, wanda ya bi masu gazawar zuciya 1,006 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya sami wannan karkarwa a wajen kashi 18 cikin ɗari, kuma matsakaicin shekarun duk majinyatan 52 ne kacal, wato mutanen da iyali ke dogaro da su.

Rage gudun zuciya da fitar da ruwa muna iya yin su a asibiti. Abin da ya fi damuna yana faruwa ne a gida. Jinin da ya kwanta a ɗakin hagu na sama yakan daskare, gudansa ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninku kusan sau biyar. Maganin fitsari kowa yana ganin aikinsa, domin kumburi yana sacewa, amma maganin tsinka jini, mai hana wannan daskarewa, ba a jin amfaninsa a jiki, don haka idan kuɗi ya yi ƙaranci shi ake fara ajiyewa. Ba na ganin laifin kowa a nan, illa namu da muke sallamar mutane ba tare da mun zauna mun yi musu bayani ba.

Ga waɗanda ciwon makogwaro na ƙuruciya ya lalata musu ƙofar zuciya, kuma suke da wannan karkarwa kuwa, binciken INVICTUS na 2022 ya nuna cewa tsohon maganin tsinka jini irin su warfarin ya fi sabon da ake kira rivaroxaban kare rayukansu, sai dai yana buƙatar gwajin jini akai-akai don a riƙe ma'aunin INR, wato ma'aunin daskarewar jini, tsakanin 2 da 3. Shi ya sa yanzu, kafin in sa hannu a takardar sallama, nakan kira mai jinya in tambaye shi: "Malam, a ina za ku riƙa yin gwajin nan, kuma wa zai riƙa kawo Baba?"