Abin da MU da KU suka koya mini a kan allon Scrabble

Shekara uku ke nan nake kula da ƙungiyar Scrabble, wasan jera haruffa a haɗa kalmomi, a makarantar sakandaren da nake koyar da Turanci. Duk ranar Laraba bayan la'asar muke shimfiɗa alluna huɗu a ɗakin karatu, kowane allo mai gidaje 225, da jakarsa mai haruffa 100. Da muka fara, hanyar da na bi ita ce hadda. Na buga jerin kalmomi masu harafi biyu na ƙamus ɗin Collins, wanda da shi ake gasa a Nijeriya, guda 127, na raba wa yara na ce su haddace kafin sati ya zagayo.

Ina da hujjata a lokacin. A 2015 Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci alhali ba ya jin harshen, haddace kalmomin kawai ya yi. A shekarar ce kuma Wellington Jighere ya ciyo wa Nijeriya kofin duniya na Turanci a birnin Perth na Ostareliya, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Na ce to, ai yaranmu tun suna ƙanana suka saba da hadda a makarantar allo, wannan ba zai gagare su ba.

Haddar ta zauna na ɗan lokaci, sannan ta fara zubewa. Ranar da na gane dalili, wani yaro ɗan aji biyu ya ga abokin karawarsa ya ajiye MU an ba shi maki. Da juyi ya zo kansa sai ya ajiye KU, yana murmushi. Aka ƙalubalance shi, muka duba, babu ita. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, ya za a karɓi mu a ƙi ku?" Duk ɗakin ya yi dariya, amma tambayar yaron daidai take, kuma ni ne ban ba shi abin da zai amsa ta da shi ba. MU ɗin da ke cikin ƙamus sunan harafi ne na Girkanci, ba ruwanta da tamu ta Hausa. Da ya san haka, da bai nemo mata 'yar'uwa ba.

Daga nan na sake lale. Kowace kalma sai mun bi ta har gidansu. Jerin nan cike yake da kalmomin da kunnen Bahaushe zai ɗauka nasa ne, irin su DA, KO, JA, ZO da ZA. Amma DA wata wuƙa ce ta ƙasar Bama, KO sandar haƙa ce ta mutanen Maori na New Zealand, ZO kuwa wata saniya ce ta tsaunukan Tibet. ZA gajeren sunan abincin nan ne na Italiya, fiza. Yara sun fi son ZO, har yanzu idan wani ya ajiye ta sai ka ji ana "ga saniyar Tibet nan ta zo". Ba wanda ya sake mance ta.

Ma'ana tana da wani amfani da ya wuce tunawa. Ita ke nuna maka abin da za ka iya liƙa wa kalma a gaba. QI, wadda ke nufin ƙarfin rayuwa a tunanin Sinawa, tana karɓar S ta jam'i. XU, ƙaramin kuɗin Biyetnam, ba ta karɓa, domin jam'inta bai sauya ba. JO masoyi ce a bakin mutanen Sikotlan, jam'inta JOES, don haka wanda ya ajiye JOS yana tunanin garin Filato ya yi asara, sunan gari ma dai ba ya shiga wasan.

Inda na fi jin daɗi shi ne harafin Q. Maki goma ne da shi, kamar Z, amma yara na tsoronsa saboda an koya musu cewa sai da U yake tafiya, kuma U huɗu ne kacal a jaka. Wata rana na rubuta musu QIBLA, QADI, NIQAB, TALAQ da WAQF a allo, ban ce komai ba. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ai alƙibla ce da alƙali da niƙabi." Sauran biyun ma suka warware su da kansu, saki da waƙafi. Kalmomin da ɗan wasa a Ingila zai haddace da ƙyar, su a Islamiyya suka taso da su. Na ga yadda zamansu ya sauya a kan benci, kamar baƙon da ya shiga taro ya tarar da 'yan garinsu.

A nan ma akwai tarko. ALKALI kalma ce karɓaɓɓiya a Turanci, sai dai ba mai shari'a take nufi ba, sinadari ne irin na kanwa da ruwan toka, asalinta daga Larabci, sunan tokar wani tsiro. Malamin kimiyya ya ce mini tun daga lokacin 'yan ƙungiyarmu ba sa faɗuwa wannan tambayar.

Ban yar da hadda ba, gasa ba ta yiwuwa sai da ita, kuma agogo ba ya jiran mai tunanin ma'ana. Amma yanzu kowane ɗan ƙungiya yana da ƙaramin littafi, kalma a hagu, ma'anarta da Hausa a dama, da ƙasar da ta fito idan mun samu. Yaron nan mai KU shi ke riƙe da ƙamus ranar Laraba. A satin da ya wuce na ji shi yana yi wa wani ɗan aji ɗaya bayanin AA, cewa dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari idan ya huce, kuma daga tsibirin Hawai kalmar ta fito.